Ƙirgar shirwa a Tarifa

A Aljesiras nake zaune, a kudancin Sifaniya, ina aikin lodi kusa da tashar jiragen ruwa. Farkon zuwana, daga aiki sai ɗaki sai masallaci. Ba wanda ya wulaƙanta ni, amma gaisuwa ba ta wuce fatar baki.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya ja ni tudun Kasalla, gab da Tarifa, inda masu kallon tsuntsaye ke taruwa. Daga nan ana hango duwatsun Maroko, domin tekun da ya raba ƙasashen biyu kilomita 14 ne kacal a inda ya fi tsukewa. Shirwa da manyan tsuntsaye irinta ba su cika kaɗa fiffike ba. Iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa, ita kuwa ba ta tashi a kan ruwa, shi ya sa suke neman mashigi mafi kusa. Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta shirwa ke ƙetarawa kudu. In iskar gabas ta yi ƙarfi sai su yi cincirindo suna jira, ran da ta lafa kuwa dubbai ke tashi. Tun 1997 ake ƙirga su a nan kowace shekara.

Ni da na tashi ina gadin 'yan tsaki, idona ya san shirwa tun tana ɗigo a sama, ko da yake tamu bakinta rawaya ne, tasu baƙi. Sai aka ba ni aikin hange. Da na ga garke, zan aika saƙo ta WhatsApp: iri kaza, kimanin kaza, sun nufi yamma. A bakin wannan aiki na iya ƙirga da Sifaniyanci, kuma a nan aka fara gayyata ta cin abinci a gida.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne tambayoyinsu. Sun san tsuntsayen Turai na cin rani a Sahel, amma yawancinsu a taswira kawai suka san wurin. Nakan ba su labarin fadamar Haɗeja da Nguru da tafkin Dagona, ba na kuma ɓoye musu cewa ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta da manoman shinkafa su ne suka fara ji a jikinsu.