Distrust da mistrust: asalinsu da inda ake tuntuɓe

Mai karanta jaridun Turanci ba zai daɗe bai ci karo da distrust ba, musamman a labaran siyasa. Ma'anarta rashin yarda, wato mutum bai aminta da gaskiyar wani ko riƙon amanarsa ba. Tana da 'yar'uwa, mistrust, wadda ta girme ta: mistrust ta bayyana a rubuce tun ƙarni na 14, distrust kuwa sai a ƙarni na 15.

Tushensu ɗaya, trust, wadda masana ke dangantawa da traust ta tsohon harshen mutanen Sikandinebiya. A ɗafa-goshi suka rabu, wato gaɓar da ake liƙawa a farkon kalma. Dis daga Latin ya zo, aikinsa korewa. Mis kuwa ɗan gida ne tun tsohon Turanci, shi ne a cikin misunderstand, yana nuna abu ya kauce hanya.

Wasu malamai suna cewa distrust rashin yarda ce mai hujja, kamar ɗan kasuwar da ya taɓa tauye maka mudu, mistrust kuma zuciya ce kawai ba ta kwanta ba. Bambancin yana da amfani wajen rubutu, amma kada a ɗauke shi doka, domin Turawan kansu suna musanya su.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne ginin jimla. In distrust aikatau ce, kai tsaye take ɗaukar karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa: I distrust him. Ba a sa of a tsakani. In suna ce, to nan of ke shigowa: distrust of politicians. Tsakanin ɓangarori biyu kuma between ake sawa. Ba a cika cewa I am distrusting him ba, saboda kalmar halin zuci take nunawa, ba aikin da ake cikin yi ba. Wajen furuci, gaɓar ƙarshe ake ƙarfafawa.

Kuskuren da ya fi muni shi ne haɗa distrustful da untrustworthy. Na farko shi ne wanda bai yarda da mutane ba. Na biyu shi ne wanda bai cancanci a yarda da shi ba. Ka musanya su a takardar shaidar ma'aikaci, ka mayar da mai taka-tsantsan maci amana.

Antitrust kuwa ba ta cikin wannan dangi ta fuskar ma'ana. Dokokin hana manyan kamfanoni mamaye kasuwa take nufi, irin dokar Sherman da Amurka ta kafa a 1890.