Takardar gwajin Kawu

Jiya na raka Kawu karɓar sakamakon naman da aka ɗebo daga tumbinsa. Ciwon daji ne. A takardar na ga an rubuta p53, sai na tambayi likita. Ya ce wani furotin ne mai gadin ƙwayoyin jiki: ƙwaya in ta lalace, shi ke hana ta hayayyafa, ko ya sa ta mutu. In shi ma ya gurɓace, sai ya taru jingim, gwaji ya nuna shi. Amma wai matakin da ciwon ya kai shi ya fi nuna abin da ke gaba.

Shekara biyu muna cewa olsa ce, muna jiƙa masa kanwa!

Shi kuwa Kawu tambayarsa ɗaya: "Likita, to tuwo fa?"

Ku sa shi a addu'a.