Ko ba su ba ne, ai za su iya

Laraba. Safiya ta fara da daɗi wallahi. Auta ta ci jarabawar nan da ta dame mu da kukanta, gida ya kaure da ihu, har Inna sai da ta ɗan taka. Haƙorin nan ma ya lafa, na kwana ban farka ba.

Wajen sha ɗaya ina wurin aiki waya ta fara ƙugi ba ƙaƙƙautawa, guruf ɗin 'yan uwa ne. Kawu ya turo bidiyo. Kun dai san Kawu da ture-ture, amma na yau ba irin na maganin ciwon gwiwa ba ne. Hoton duk ya dushe saboda yawan hannun da ya bi, an zagaye wani mutum a ƙasa ana ta jibga, rigarsa ta yage, takalminsa ƙafa ɗaya yana gefe, ga wani yaro da bai fi shekara goma ba yana tsaye riƙe da dutse yana jiran manya su matsa ya samu wuri. Yaron nan ya fi komai tsaya min a rai. A ƙasa an rubuta wai an kama ɓarawon yara, ɗan ƙabila kaza, kowa ya kula, a tura wa duk wanda ake ƙauna. Ba zan faɗi ƙabilar ba, ku sa duk wadda kuka ga dama, ai ba ƙasar da ba ta da waɗanda ta ware don irin wannan rana.

Kafin ka ce kwabo an fara, Allah ya ƙara, maganinsu ke nan, Goggo har da sitika mai tafi.

Ni kuma lambar motar da ke bayansu ce ta ɗaure min kai, ba irin wadda na saba gani ba ce, kuma da na kara wayar a kunne yaren da ake ihu da shi bai yi kama da na mutanen da aka ambata ba ko kaɗan. Na ɗauki hoton wani sashe na bidiyon na sa a Google, nan da nan ya fito, tsohon abu ne, ya yi shekaru yana yawo, a wata ƙasa ma ya faru. Na rubuta cikin ladabi, Kawu Allah ya ƙara girma, wannan bidiyon ba na yanzu ba ne kuma ba mutanen da aka ce ba ne. Ya ce gani ya kori ji. Na tura masa inda na gani. Guruf ya yi tsit. Can sai ga saƙon murya, a natse yake magana ba faɗa ba, ya ce, to ko ba su ba ne ai za su iya, ke yarinya ce, ba ki san su ba.

Tun ɗazu nake juya maganar nan. Da ya ce ƙarya nake yi da na fi samun sauƙi, sai in ƙara kawo hujja. Amma ya yarda bidiyon ƙarya ne kuma hakan bai rage komai ba, don shi tun farko ba labari ya karɓa ba, abin da ke ransa ne ya samu hoto. An yi wa miliyoyin mutane kuɗin goro, an yanke musu hukunci kan laifin da ba a ma yi ba tukuna, laifin da wai za su iya. Kuma abin haushin, likitan da ya yi masa aikin ido ɗan wannan ƙabilar ne, kullum cikin yabonsa yake, in ka tuna masa sai ya ce ai shi daban ne. Kowa yana da nasa guda ɗaya da ya cire, saura kuwa ko oho.

Na so in ba shi labarin Indiya amma na san ba zai saurara ba, bari in ba ku. A 2017 da 2018 an yi ta yaɗa wani bidiyo a WhatsApp a can, mutum biyu a kan babur sun sure yaro yana wasa a titi. Ashe a Karachi ta Pakistan aka shirya shi don faɗakar da iyaye, a ƙarshensa ana dawo da yaron, sai wani ya yanke ƙarshen ya saki sauran. Aka shiga kashe baƙi gari-gari. A jihar Assam samari biyu sun tsaya tambayar hanya aka kashe su. A watan Yuli na 2018 a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra mutum biyar aka kashe rana ɗaya, matafiya ne masu yawon neman taimako, laifinsu ɗaya daga cikinsu ya yi wa wata yarinya magana. Ku duba waɗanda ake kashewa, baƙo, mabaraci, mai taɓin hankali, wanda harshensa ya bambanta, ba a taɓa cewa ɓarawon yaran shi ne mai babban gida na bakin titi. Bayan nan ne WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a Indiya, a Janairun 2019 ya faɗaɗa dokar zuwa duniya duka, a 2020 kuma saƙon da ya sha turawa sai wuri ɗaya-ɗaya. To amma Kawu ya yi ritaya, lokaci gare shi, zai zauna ya tura ɗaya bayan ɗaya har caji ya ƙare.

Shi ya sa ba na son yadda ake ɗora wa waya laifin duka. Eh masu kamfanonin nan ba su da tsarki, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun faɗa a 2018 cewa Facebook ya taka rawa wajen yaɗa ƙiyayyar 'yan Rohingya a Myanmar, mutum sama da 700,000 suka tsere Bangaladash. Amma a Ruwanda a 1994 wa ke da Facebook? Rediyo ne, RTLM, ana sa kiɗa ana barkwanci ana karanto sunayen mutane da inda suka ɓuya, cikin kwana kamar 100 aka kashe wajen mutum 800,000. Kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan Ruwanda ta ɗaure wasu daga cikin masu gidan rediyon a 2003. Waɗanda suka ɗauki adda kuwa sun daɗe suna jin za su iya a bakin manyansu tun kafin a kunna rediyon.

Ba na ce Kawu zai ɗauki dutse ba, mutumin da ko kyanwa ba ya iya kora. Amma yara nawa ne a guruf ɗin nan?

Ina tsakiyar wannan ne maƙwabciyar teburina ta leƙo aron caja, ita ma daga cikinsu take, waɗanda za su iya ɗin. Na kife wayar da sauri har ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ta ce idona ya yi ja, in rage kallon waya.

Da yamma Yaya ya kira, wai in goge abin da na rubuta, na kunyata babba a gaban yara. Na ce gaskiya ce ko ba gaskiya ba? Ya ce gaskiya ce amma da kin bari ni na faɗa. Ban goge ba. Bayan awa biyu ya shiga guruf ya rubuta abin da na rubuta sak, ya ƙara da ayar nan ta Hujurati kan bincika labari kafin a afka wa mutane, sai ga Kawu, madalla, Allah ya yi maka albarka, haka ake son yaro. Shekara biyu kacal Yaya ya ba ni fa. Inna ta ce in yi haƙuri, ai dai saƙo ya isa. Ya isa ɗin, amma bidiyon yana nan ba wanda ya cire shi, saƙon muryar ma yana nan.

Sauran ranar ba komai. Cunkoso a hanya. Rahoton nan har yanzu ban gama ba, gobe taro ƙarfe takwas, oga ya ce kowa ya zo da nasa a buge. Ban goge kayan sawa ba.

Yanzun nan Goggo ta turo wani, minti huɗu, an rubuta a kalla kafin a goge. Datata ta kusa ƙarewa, Yaya ya duba musu.