An yi wa laftof ɗina fomat a banza, ashe matsalar tana cikin gida

Har yanzu raina yana sosuwa idan na tuna datar da na ƙona wajen sake sauke wasanni bayan an goge min kwamfuta. Babu abin da ya same ta. Lafiyarta ƙalau, ba bairos, ba komai. Wanda duk gem ke tsinke masa, ko Zoom ke yanke masa murya alhali YouTube na tafiya sumul, ya dakata kafin ya miƙa na'urarsa a shago.

Ga yadda abin yake. A Kano nake, muna amfani da rauta mai layin 4G, ita ce ta gidan gaba ɗaya. Da rana ba wata damuwa. Da zarar an idar da Isha'i na zauna buga eFootball da abokai, sai 'yan wasana su sandare, in danna su ƙi motsi, kafin hoto ya dawo ƙwallo tana ragata. Wani lokaci a fitar da ni daga wasan ɗungurungum. Darasin da nake shiga ta Zoom shi ma haka: ina jin malami tar, shi kuwa sai ya ce, "Malam, muryarka na yankewa, ka rubuta kawai." Idan na yi gwajin gudu sai in ga megabit 20 da wani abu. To ina matsalar? Netwok ga shi, data ga ta.

Mai gyara a kasuwar waya ko minti biyar bai yi da laftof ɗin ba ya ce, "Oga, bairos ne ya cika ta, sai fomat." Ya goge komai, ya sa sabuwar Windows, ya jona ta da intanet ɗin wayarsa, muka gwada, ta yi daidai. Ai dole ta yi daidai. Da rana ne, a shagonsa, a kan layinsa, ba kowa a kai sai mu. Ko ba a taɓa ta ba haka za ta yi. Kuma bai kwafe min jakar wasannin ba, wadda aikin 'yan mintuna ne: cikin jakar Steam, manhajar da nake sauke wasanni da ita, akwai steamapps, cikinta akwai common, a nan wasannin suke. Idan ka kwafe jakar steamapps zuwa wani faifai ka mayar bayan fomat, Steam yana duba fayilolin ya gane su, abin da ya rage kaɗan ne zai sauke. Ni sai da na sauke gomomin gigabait daga farko, datar wata guda sukutum ta tafi. Daren farko da na koma fili, 'yan wasana suka sandare kamar jiya. Har ma abin ya fi muni, domin sabuwar Windows tana can tana jan sabunte-sabuntenta a ɓoye.

Wani abokina da ke kula da netwok a wani ofis shi ya fitar da ni. Tambaya ɗaya ya yi min: "Ka taɓa buga ping a daidai lokacin da abin ke faruwa?" Ping gwaji ne da ke auna lokacin da ɗan saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Ya ce in bar gwajin gudu, ba shi ne ma'aunin gem ba. Wasan intanet ba ya cin data mai yawa, ko megabit ɗaya a sakan yawanci ba ya kaiwa. Abin da yake so shi ne ƙananan saƙonni su je saba su dawo da wuri, kuma a kan kari ɗaya. YouTube kuwa yana tara bidiyon gaba ya ajiye, ko layi ya yi tuntuɓe na sakan biyu ba za ka sani ba. Shi ya sa ɗaya ke tafiya ɗaya na mutuwa a kan layi guda.

Ya sa na buɗe cmd, baƙar tagar Windows da ake rubuta umarni a cikinta, guda biyu gefe da gefe. A ta farko na rubuta ipconfig na duba lambar da ke gaban Default Gateway, wato adireshin rautar, tawa 192.168.8.1 ce, ta wani za ta iya zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Sai na buga ping -t 192.168.8.1. A ta biyu na buga ping -t 8.8.8.8, sabar Google. Hikimar ita ce a raba hanya gida biyu. Taga ta farko tana auna daga kwamfuta zuwa rauta, abin da ke cikin ɗaki ke nan. Ta biyu tana auna har waje. Idan ta farko ce ke hauka, Wi-Fi ne ko kwamfutar. Idan ta farko na zaune lafiya ta biyu na hauka, to cikas ɗin yana kan hanyar da ta fita daga rauta zuwa waje. Wannan gwaji kyauta ne, kuma da an yi shi kafin a taɓa min faifai, da magana ta ƙare.

Da rana, taga ta farko tana ba da milisakan 2 zuwa 5, ta biyu tsakanin 50 da 70. Bayan Isha'i ta farko ba ta wani canja ba, sai ɗan tsalle jefi-jefi. Ta biyu kuwa ta tashi 600, 900, har ta haura 1,000, tsakani kuma ana jefo min Request timed out, wato saƙon bai dawo ba. Na ce shi ke nan, kamfanin layi ne, da daddare kowa a unguwa ya hau eriya ɗaya. Har na fara lissafin sayen wani layin da wata rautar. Abokin ya ce, "Dakata tukuna, mutumina. Na'ura nawa ce a kan rautar yanzu?" Na shiga shafin rautar na ga wayoyin gidan kaf, har da ta Umma. Ya ce in cire kowa, in bar kwamfuta ita kaɗai, in zuba wa taga ta biyu ido.

Cikin 'yan daƙiƙu ta sauko ƙasa da 100. A daidai lokacin da nake cewa eriya ta cika.

Muka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wayar ƙanwata na hawa, lambar ta sake tashi sama. Na kira ta na ce me take saukewa. Ta ce, "Wallahi Yaya ba na komai, caji ma take yi." Gaskiya ta faɗa. Lokacin bukukuwa ne, ta cika wayar da bidiyon kamu da na dina, Google Photos kuma an saita shi ya ɗora hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyarsa idan ya samu Wi-Fi. Ita waya ba ta san cewa wannan Wi-Fi ɗin layin 4G ne da ake saya wa data da kuɗi ba, a wurinta intanet ne na ɓagas. Da rana ƙanwar tana makaranta, da daddare ta dawo wayar ta kama rauta ta shiga aikinta shiru. Ga dalilin da ya sa ciwon ke tashi bayan Isha'i kawai.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ɗorawa ce ke kashe ni, ba saukewa ba. Kullum idona yana kan lambar farko ta gwajin gudu, wato ta saukewa. A layin waya hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci sosai, kuma idan ta cika, rauta ba ta zubar da abin da ya yi yawa, jera shi take a layi. Saƙon gem ɗina, ɗan mitsitsi, sai ya tsaya a bayan tulin bidiyon biki, kamar mai kofi ɗaya da ya tarar da 'yan garuwa sun jera jarkoki a famfo. Kafin layi ya zo kansa an riga an ci ni. Maganar Zoom ma ta fito fili: muryar malami shigowa take, hanyarta a buɗe, tawa ce mai fita. Alamar tana gabana tun farko, mai gyara kuma na gaya masa ita da bakina, ya ce bairos.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganin wannan ba tare da cmd ba. A fast.com, bayan gwaji ya ƙare, idan ka danna wurin ƙarin bayani zai nuna maka jinkiri iri biyu: na lokacin da layi ba kaya da na lokacin da aka loda masa. Idan na farko 60 ne na biyu ya doshi 700, to duk wanda ya tura bidiyo a gidanku kai za ka ji a jikinka.

Gyaran kansa bai ci ko sisi ba, ban da kebul. A wayoyin Android, cikin saitin wannan Wi-Fi ɗin, akwai wurin da za ka ce a ɗauke shi a matsayin layi mai awo, daga nan manhajoji da yawa suna daina ɗore-ɗoren bayan fage a kansa. Na bi wayoyin gidan na saita. Ta ƙanwata muka yi yarjejeniya ta riƙa kunna ajiyar hotuna da safe. Umma ce ta yanke hukuncin, bayan ta gama yi min faɗan cewa ƙato da ni ina rigima da yarinya a kan wasan ƙwallo. A Windows ma na kunna Metered connection, wato layi mai awo, na shiga Delivery Optimization na kashe damar da kwamfuta ke da ita ta tura wa wasu kwamfutoci fayilolin sabuntawa, na kuma dakatar da OneDrive, mai ɗora fayiloli zuwa ma'ajiyar Microsoft, wanda fomat ɗin ya dawo min da shi a kunne. Wanda yake son kama ɓarawon da ke cikin kwamfutarsa ya buɗe Resource Monitor, sashen Network, ya duba manhajar da ta fi turawa. Wasu rautocin suna da wurin ƙayyade wa kowace na'ura gudu, wanda tasa ke da shi ya huta da rigimar gida. Tawa ba ta da shi.

Ɗan tsallen da taga ta farko ke yi, na Wi-Fi ne: bango biyu tsakanina da rauta, ga zangon 2.4GHz da maƙwabta suka cika. Na ja kebul daga rauta zuwa laftof, ya zauna a milisakan 1. Rautar kuma na ɗauke ta daga bayan talabijin na kai ta bakin taga. Kada ka yarda da sandunan sabis, shiga shafin rautar ka nemi RSRP, ma'aunin ƙarfin sigina, da SINR, ma'aunin tsabtarsa. RSRP da ke kusa da -80 mai kyau ne, idan ya gangara -110 kana gefen rami. Ka riƙa matsar da rautar kana kallon lambar.

Sai abubuwan da na gwada a tsakani waɗanda ba su taɓa ciwon ba, domin duk bidiyon koyarwa da su suke farawa. Sauya DNS, wato abin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 yana taimakawa idan shafi ya ƙi buɗewa ko manhaja ta kasa samo sabarta, amma da zarar wasa ya fara ba ruwan DNS da jinkirinka. Haka ipconfig /flushdns. Shi netsh winsock reset yana da ranarsa, musamman ga wanda ya taɓa sa manhajojin VPN na neman data kyauta suka bar masa tarkace, sai dai ba ya buɗe hanyar da bidiyo ya toshe.

Wanda ya fi cin lokacina shi ne buɗe ƙofofi a rauta saboda wani wasan harbi da ke nuna min NAT ɗina Strict ne, wato sauran 'yan wasa ba sa iya haɗuwa da ni kai tsaye cikin sauƙi. Na kunna UPnP, saitin da ke barin manhaja ta buɗe ƙofa da kanta, na shigar da lambobin ƙofofi da hannu, ko gezau. Dalili kuwa, adireshin da rautata ke samu daga kamfani ba nawa ba ne ni kaɗai. Irin wannan adireshin intanet, IPv4, a duniya kusan biliyan 4.3 ne kacal, sun yi kaɗan, don haka kamfanonin layin waya suna ɗora masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya. Gane shi ba wuya: duba adireshin WAN, wato wanda kamfani ya ba rautar, a shafin rautarka, ka gwada da wanda intanet ke nuna maka idan ka tambayi Google adireshinka. Idan sun bambanta, ko na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to akwai wata ƙofar a hannun kamfani wadda ba ka da makullinta. Duk abin da ka buɗe a gida aikin banza ne. Ko dai ka nemi adireshi naka na kanka idan suna sayarwa, ko ka haƙura da Strict. Ni na haƙura, wasan yana shiga, samun abokan karawa ne kawai ke ɗan jinkiri.

Akwai kuma jinkirin da ba mai iya cire maka. Sabobin wasanni da yawa a Turai suke ko Afirka ta Kudu. Haske a cikin kebul yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, kebul ɗin MainOne da ya haɗa Legas da Fotugal kuma kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan tun ba a sa tafiyar Kano zuwa Legas da ta eriya ba. Saboda haka idan kana ganin 130 ko 150 a cikin wasa kuma lambar na zaune wuri ɗaya, ba abin da ya lalace, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai mayar da ita 20. Lambar da ke tsalle ita ce abin bincike. Wani lokacin ma matsalar ta fi ƙarfin gari gaba ɗaya, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da kebulan ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya rikice a ƙasashe da dama. A irin wannan rana tambayar maƙwabci ta fi buɗe cmd amfani.

Cunkoson eriya shi ma gaskiya ne, ban wanke kamfani tas ba. Ko da na cire kowa, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare ping ɗin ya fi na rana da ɗan dama, kuma wannan ba shi da magani a cikin ɗakina. Wasan sada zumunta ina buga shi a kowane lokaci. Idan na gasa ne da ake lissafin maki, sai bayan 11 nake shiga, da kebul a jone, bayan na leƙa shafin rautar na ga su wa ke kai.