Maki ɗaya da ya fi mini babbar bindiga amfani

Daren asabar ɗin da ya wuce mun sake shimfiɗa filawud a shagon abokina tela a nan Nima bayan isha'i, ataya na kan wuta, muka buga Chain of Command har wajen ƙarfe ɗaya. Wasan 'yan sojojin roba ne na yaƙin duniya na biyu, kamfanin Too Fat Lardies na Ingila ya fitar da shi a 2013, kuma bugu na farkon nan muke bugawa har yanzu. Kowa na riƙe da filatun ɗaya, mutum talatin da 'yan kai, sai dais irin na ludo da tef ɗin awon inci, wanda a shagon tela dai ba a rasa shi.

Ni sojojina na Gold Coast Regiment ne, wato rundunar Ghana ta zamanin Turawa. Yayana ya aiko mini su daga Landan na zauna na yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, hula mai faɗin baki da koren kaki. Kakana yana cikin waɗanda aka kai Bama da runduna ta 81, waɗanda suka shiga kwarin Kaladan a 1944 da kaya a ka, jirgin sama ke jefo musu abinci, kuma da Hausa ake magana a bariki lokacin. Duk wanda ya wuce barikin Burma Camp na Accra a trotro ya san sunan bai faɗo daga sama ba. Laftanana ma baƙar fata na yi shi saboda Seth Anthony, ɗan Gold Coast wanda ya samu muƙamin hafsa a 1942 ya kuma yi yaƙin Bama, duk da hafsoshin lokacin kusan duk Turawa ne.

To ga inda maganar take. Kafin a fara, wasan na ba ka wasu maki ka sayi taimako a kan filatun ɗinka, kuma idonka zai tafi kai tsaye kan abu mai ƙara. Ni ma watanni na yi ina haka, da na samu maki huɗu sai in ɗauki Vickers. Bindiga ce mai kyau wallahi, amma sai an ba ta umarni take magana, kuma umarni a wasan nan daga dais biyar yake fitowa. In ka jefa, 1 na motsa ƙaramin tim, 2 na motsa sekshan wato rukunin mutum goma, 3 kofur, 4 babban shugaba wato laftana ko saje, 5 tarawa ake yi sai sun kai shida, 6 kuma ita ke nuna wa zai yi wasa gaba. Vickers ɗin tim ce, in ba ka samu 1 ba kuma ba babba kusa da ita, haka za ta zauna a gindin bishiya tana kallo ana cin mutanenka.

Abin da ya buɗe mini ido wani wasa ne kafin azumi. Jafanawan abokina sun danno ta cikin daji (furannin roba ne na kasuwa muka yayyanka muka manna a kwali), ƙananan mortocinsu da ake kira na gwiwa suna ta zubo mana, firgici, wato makin tsoro da ke rage wa sojoji ƙarfi, ya taru a kan sekshan ɗina na farko. Firgicin nan shugaba ne ke cire shi, kofur na da umarni biyu a cikin inci 6, laftana da saje uku-uku a cikin inci 9. Sai na fito da saje, abin bai lafa ba na fito da laftana shi ma. Ashe na manta doka, in manyanka duka suna kan tebur ba wanda ya rage a baya ya turo sauran mutane, duk wanda za ka kira sai ka jefa dais ka samu 4 zuwa 6. Sau uku ina kiran sekshan na uku, sau uku suna ƙin zuwa. Mutum goma da bindigarsu Bren suna cikin gwangwanin biskit a gefen keken ɗinki, ni kuma ana cinye ni a kan tebur. Ɗan yayata da ke riƙe mana tef ya ce "Kawu su waɗancan ba za su zo ba ne?" Raina ya ɓaci sosai ranar.

Maganin wannan shi ne ajutan, wani hafsa da za ka saya cikin taimakon nan, maki ɗaya ne tak. Ba ya harbi, ba ma sai ka sa shi a tebur ba, aikinsa kawai ya tsaya a baya yana turo mutane, da shi kana iya fito da laftana da saje duka kuma wanda ka kira zai zo. Ga mai filatun mai babba ɗaya kamar yawancin na Jamus abin ma ya fi zama dole. Mu masu filatun irin na Ingila da muke da biyu za mu iya barin ɗaya a baya, amma a daji inda ba ka ganin nesa kuma mutane na warwatse, ni ina son dukansu a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu.

Na biyu shi ne dokta, shi ma maki ɗaya. In aka ji wa shugaba rauni umarninsa na iya raguwa ko ya kwanta bai motsi, kuma duk abin da ya samu shugaba sai an jefa dais a kan ƙarfin gwiwar rundunar gaba ɗaya, wanda tun farko tsakanin 8 da 11 yake. Dokta ba zai dawo da makin da ya tafi ba amma zai tada mutumin ya ci gaba da aiki. Abokina bai yarda da ni a nan ba, ya ce chale wasa uku za ka yi dokta bai taɓa kowa ba, ka zubar da maki. Gaskiya ne hakan na faruwa. Amma laftanan nan kwana huɗu na yi ina masa fenti da fitilar waya lokacin da aka ɗauke wuta, ba na son ganinsa kwance tun farkon wasa.

Sauran makin ina sa su a ƙarin morta mai inci 2 saboda hayaƙi, in za ka tsallake fili shi ne ke rufa maka asiri.

Asabar ɗin nan da maki huɗu na shiga, ajutan, dokta, morta. Saje ya fito da wuri ya riƙe hagu, na sa hayaƙi a bakin rafi, laftana ya ja sekshan biyu suka tsallaka, da na kira na uku suka fito nan take. An harbi saje kusa da ƙarshe, dokta ya rarrafa ya kai gare shi. Abokina ya ce sati mai zuwa shi ke tsare ƙauye ni ke kai hari, kuma ya riga ya fara lanƙwasa waya yana yin shingen ƙaya.