Tankin gwaji yakan yaudari mai gwada injin filasma

Injin Hall inji ne da ke tura tauraron ɗan'adam a sararin samaniya ta hanyar harba filasma, wato iskar gas mai cajin lantarki. Irinsa kamar SPT-100 na kamfanin Fakel a Rasha yana cin wuta kilowat 1.35: bolt 300, amfiya 4.5. Ƙarfin turin da yake bayarwa bai wuce miliniyuton 83 ba, wato nauyin abin da bai kai giram 9 ba. Wannan ɗan ƙarfin ne ake son aunawa daidai, a cikin tankin ƙarfe da aka tsotse wa iska don ya yi kama da sararin samaniya.

Matsalar ita ce injin da kansa yana cika tankin. Yana fesa iskar zenon, wadda ita ce mansa, kusan miligiram 5 kowace daƙiƙa. In ana son matsin iska ya tsaya a kashi 1 cikin 100,000 na tor (mizanin auna matsin iska), sai famfunan su riƙa kwashe kusan lita 65,000 a daƙiƙa. Famfon juyi, mai farfela da ke kwashe iska, ba zai iya shi kaɗai ba, don haka ake jera faranti masu tsananin sanyi, ƙasa da kelbin 50 (kelbin mizanin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), zenon ya daskare a jikinsu. Idan famfo ya gaza, zenon da ke yawo a tankin yakan koma bakin injin, ya zama filasma, a sake harba shi. Sai turi ya ƙaru alhali mitar man ba ta ƙirga shi ba. A takarda injin ya yi kyau, a samaniya kuma ba haka zai yi ba. Maganinsa shi ne a ƙara zenon cikin tankin da gangan, a auna turi a matsi uku ko huɗu, a ja layin sakamakon zuwa matsi sifili, don a san turin da zai bayar a samaniya.

A kula da ma'aunin matsi ma. Yawanci da naitirojin aka daidaita shi, kuma da zenon yakan nuna adadi ninki 2.87. Wanda ya manta ya raba adadin da 2.87, lissafinsa ya rushe tun daga tushe.

Shi turin ana auna shi ne a kan sikeli mai lilo a tsaye, injin a sama, firikwensin motsi a gefe. Ana daidaita shi da ƙananan duwatsun awo da ke rataye a zare ta kan kura, bayan an rufe tankin, ba kafin ba. Wayoyin wuta da bututun zenon su yi lanƙwasa sakwa-sakwa, don in suka sandare su ma suna tura sikelin. Zafi kuma yana gusar da sifilin sikelin sannu a hankali. Shi ya sa ake sanyaya sikelin da ruwa, kuma da an kashe injin nan take ake sake karanta sifilin.

Katod kuwa, wato ɓangaren da ke ba injin ilektoron, ba ta son iskar oksijin ko kaɗan, musamman mai bariyam. A wanke bututun da zenon, a ɗumama katod ɗin mataki-mataki, kada a yi gaggawar kunnawa.

Gwajin tsawon rai shi ne mai cin haƙuri. NSTAR, injin iyon na hukumar NASA, wani nau'in injin filasma, ya yi sama da awa 30,000 yana aiki a tankin JPL, cibiyar binciken hukumar a Amurka. A irin wannan gwaji ana lulluɓe bangon tankin da girafait, wani nau'in kabon, saboda ba ya saurin zaizayewa, amma duk da haka ƙurar kabon tana dawowa ta kwanta a kan farin boron naitiraid, tangaran da aka yi bakin injin Hall da shi, ya yi baƙi. Wannan rufin yakan ɓoye ainihin zaizayar, don haka ake kafa na'urar lu'ulu'un kwaz kusa da injin tana auna yawan kabon da ke sauka kowace awa.