Yinin da na yi da tarihin wata kalmar zagi

Yau Asabar ban je ko'ina ba in ban da masallaci, saboda haka bayan sallar azahar na zauna na kalli wani fim na tarihi da aka shirya a Amurka game da kalmar cin mutuncin da fararen fata suka daɗe suna jifan baƙaƙen fata da ita. Kalmar ta yi munin da a yau yawancin kafofin yaɗa labaran ƙasar ba sa furta ta, sai dai su ambaci harafinta na farko, wato N, kuma ni ma ba zan rubuta ta a nan ba.

Tushenta ba zagi ba ne, domin daga kalmar Latin mai nufin baƙi ta samo asali, ta biyo ta harsunan Sifaniya da Fotugal. Bauta ce ta zuba mata dafi. Tun daga 1619, lokacin da aka sauke 'yan Afirka kimanin 20 a gaɓar Virginia, har zuwa 1865 da aka haramta bauta a kundin tsarin mulkin Amurka, mutumin da ake kira da irin wannan suna shi ne wanda ake iya sayarwa a raba shi da matarsa da 'ya'yansa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shaidar Hosea Easton, wani malamin coci baƙar fata, wanda tun a 1837 ya rubuta cewa manya fararen fata suna amfani da kalmar wajen tsawata wa 'ya'yansu, suna tsoratar da su da cewa za su zama kamar waɗancan mutanen. Ke nan yaro yana koyon raini tun kafin ya koyi karatu.

'Yancin 1865 bai kashe kalmar ba. A jihohin kudu an kafa dokokin wariya da ake kira Jim Crow, aka raba makarantu da wuraren shan ruwa da kujerun motocin haya, kuma da wannan kalma gungun mutane ke ihu idan sun kama baƙar fata za su rataye shi ba tare da shari'a ba. A nan fim ɗin ya sa na dakatar da kallo na ɗan lokaci, domin zuciyata ta yi nauyi da na tuna Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka yi wa kisan gilla a Mississippi a 1955, wanda mahaifiyarsa ta dage a bar akwatin gawarsa a buɗe don duniya ta ga abin da aka yi wa fuskarsa.

Rabin fim ɗin na biyu ya koma kan saɓanin da ke tsakanin baƙaƙen Amurka su kansu. Wasu, musamman mawaƙan gambarar zamani, suna cewa sun ƙwace kalmar daga hannun maƙiyi, sun sauya ƙarshenta, sun mai da ita kiran zumunci. Wasu kuma suna ganin ba ta wankuwa. Ɗan wasan barkwanci Richard Pryor, wanda ya yi suna da yawan furta ta a dandali, ya je Kenya a 1979, ya ga ƙasar da baƙaƙe ke riƙe da komai, ya dawo ya ce ya daina. A 2007 kuma ƙungiyar NAACP, mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, ta shirya wa kalmar jana'iza a Detroit, har da akwatin gawa. Hankalina ya fi kwanciya da ɓangaren Pryor, amma na yarda cewa wannan gardama ta jikokin waɗanda aka bautar ce, su ne suka sha wuyar, su ke da hurumin yanke hukunci.

Da magariba ɗan yayata, wanda ke makarantar sakandare, ya shigo yana waya da abokinsa yana ce masa "niga", wato salon kalmar da mawaƙan nan suka sauya wa ƙarshe, kamar yadda samarinmu da yawa ke yi tun da waƙoƙin Amurka suka cika wayoyi. Na tambaye shi ko ya san inda ta fito. Ya ce, "Kawu, ai mu ma baƙaƙe ne, kuma su da kansu suke faɗa." Na ce masa baƙin fata ya haɗa mu da su, amma mu sautin kawai muka ara, ba mu gaji tabon ba, kuma wanda bai san zafin abu ba bai kamata ya yi ado da shi ba. Na ba shi labarin Till. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni hukuncin da aka yanke wa makasan. Na gaya masa cewa masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu fararen fata, sun wanke mutum biyun da aka gurfanar kan kisan, kuma a 1956 suka amsa laifin a wata mujalla da ta biya su kuɗi, ba a sake gurfanar da su ba. Sai a 2022, shekara 67 bayan kisan, Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar tarayya mai ɗauke da sunan yaron, wadda ta ayyana irin wannan kisan gilla a matsayin laifin ƙiyayya.